Wace kwamfutar hannu ce ta fi iya kunna bidiyon intanet, kuma ta fi jin yatsa?

Mai Neman Ƙari ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kwamfutar hannu ciki da waje, irin wadda babu komai a jikinta sai fuskar da ake taɓawa, domin ina shirin sauya wadda nake da ita, kuma ba na so in sake faɗawa ramin da na faɗa a baya.

Karatu nake yi ta intanet, kuma kusan dukkan darussanmu a cikin burauza ake buɗe su, ba a cikin wata manhaja ta musamman ba. Akwai bidiyon lacca, akwai zane-zane masu motsi waɗanda ake jan wani ɗigo da yatsa a ga yadda sakamako yake canzawa, akwai gwajin da ake jawo amsa a ajiye ta a gurbinta, sannan sau biyu a mako muna haɗuwa da malami kai tsaye ta bidiyo. Na'urar da ke hannuna, wadda ba zan ambaci kamfaninta ba, tana ba ni wahala ta hanya biyu. Idan na kunna bidiyo mai inganci sai hoton ya riƙa tsayawa alhali murya tana ci gaba, bayan na'urar ya ɗauki zafi, batir kuma ya zube kafin a gama lacca ta biyu. Ta ɗaya hanyar kuwa, a makon jiya ina cikin gwaji mai ƙayyadadden lokaci, na jawo amsa zuwa gurbinta sau huɗu, duk lokacin da na ja sai shafin gaba ɗaya ya gungura ƙasa, amsar tana nan inda take, har lokaci ya ƙare ina kallo.

Na karanta wasu tsofaffin rubuce-rubuce da suke cewa iPad ba ta iya kunna yawancin bidiyon intanet saboda ba ta da Flash, wata manhaja da ake kunna bidiyo da wasanni da ita a burauza, don haka Android ta fi. Wasu kuma suna cewa babu fuskar da ta kai ta iPad jin yatsa. Shin maganar Flash tana nan har yanzu? Kuma tsakanin iPad, da na'urorin Android irin su Galaxy Tab, da Surface mai Windows, wacce ce za ta ɗauki irin aikin da na bayyana? Ba na neman a ce mini wannan kamfani ya fi wancan kawai. Ina so in fahimci abin da zan duba da idona kafin in yanke shawara.

Injiniya Mai Gyara ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Maganar Flash ka cire ta daga lissafinka gaba ɗaya, domin ta zama tarihi. Gaskiya ne lokacin da iPad ta farko ta fito a watan Afrilun 2010 ba ta kunna Flash, kuma a wancan zamani yawancin bidiyo da wasannin da ke shafukan intanet a kansa suka dogara, shi ya sa masu yin na'urorin Android da BlackBerry PlayBook suka riƙa tallata cewa nasu suna buɗe intanet cikakkiya. A cikin wannan wata na Afrilun 2010 ne Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya fitar da wata buɗaɗɗiyar wasiƙa yana bayyana dalilan Apple, daga ciki akwai shan batir, da raunin tsaro, da kuma cewa an gina Flash ne domin maus ba domin yatsa ba. A watan Nuwamban 2011 kamfanin Adobe, mai Flash, da kansa ya sanar da daina haɓaka Flash na burauzar wayoyi da kwamfutocin hannu, YouTube ya mayar da HTML5, tsarin da burauza take kunna bidiyo da shi da kanta ba tare da Flash ba, babbar hanyarsa ta kunna bidiyo a farkon 2015, sannan aka rufe babin Flash kwata-kwata a ƙarshen 2020. Yau babu iPad, babu Android, babu Windows da ke kunna shi ta hanyar da aka saba. Duk rubutun da ka ga yana auna na'urori da wannan ma'auni, ya haura shekara goma da tsufa.

Abin da ya maye gurbin wannan tambaya shi ne tsarin da ake matse bidiyo da shi. Bidiyo ba ya zuwa maka a buɗe. A matse yake zuwa domin ya rage cin data, na'urarka ce take warware shi hoto bayan hoto, sau talatin ko sittin a kowace daƙiƙa. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne H.264, wanda kusan kowace na'ura take iya warwarewa. Bayansa akwai HEVC, da VP9 na Google, da kuma AV1 wanda ya fito a 2018, kowannensu yana ƙara matse bidiyo amma yana buƙatar ƙarin ƙarfi wajen warwarewa. A nan ne sirrin zafin da kake ji yake. A cikin furosesar kowace na'ura akwai wani ɗan sashe da aka ƙera musamman domin warware bidiyo, kuma idan ya san tsarin da aka aiko masa, yana yin aikin cikin sauƙi ba tare da shan wuta sosai ba. Idan kuwa bai san shi ba, sai a ɗora wa babbar furosesa nauyin yin lissafin da kanta, ita kuma sai ta yi ta fama, ta ɗauki zafi, ta riƙa zubar da wasu hotuna domin ta riski murya. Alamomin da ka lissafa, wato hoto yana tsayawa, murya tana tafiya, baya yana zafi, batir yana zubewa, su ne alamomin wannan cuta daidai wa daida.

Kana iya tabbatarwa da kanka. A cikin saitin manhajar YouTube akwai wani zaɓi mai suna Stats for nerds, wanda idan ka kunna shi zai nuna maka bayanai a kan bidiyon da kake kallo. Idan ka ga avc1, H.264 ke nan. Vp09 shi ne VP9. Av01 kuma AV1. A wurin akwai adadin hotunan da aka zubar. Ka bar bidiyo mai 1080p, wato mai babban inganci, ya yi minti biyar, ka ga ko adadin yana ta hauhawa. A ɓangaren Apple, sai da iPadOS 14, wato tsarin da ke tafiyar da iPad, ta zo a 2020 sannan aka fara kallon YouTube a 4K, ingancin da ya fi 1080p, saboda samun VP9, kuma warware AV1 ta sashe na musamman sai a sababbin furosesoshi irin su A17 Pro da M3 da M4. A ɓangaren Android babu amsa ɗaya, domin kowane kamfani da irin furosesar da yake sakawa, kuma sau da yawa a nan ne ake rage tsada ba tare da an rubuta a jikin kwali ba.

Abu na biyu shi ne makullin da masu bidiyo suke sakawa domin hana satar fasaha. Android tana amfani da Widevine, wanda yake da matakai. Na'ura mai matakin L1 ana ba ta bidiyo mai cikakken inganci, mai L3 kuwa manhajoji irin su Netflix suna tsayar da ita a ƙaramin inganci, komai kyawun fuskarta. Na sha ganin mutum ya sayi na'ura mai fuska garau, sannan yana mamakin dalilin da fim yake fitowa dishi-dishi. Idan makarantarku tana kulle bidiyon laccarta, wannan zai iya shafarka. Apple tana da nata makullin mai suna FairPlay, kuma da yake kamfani ɗaya ne yake yin dukkan iPad, ba a samun wannan bambanci tsakanin wata da wata.

Abu na uku, kuma shi ne wanda na fi so ka riƙe tunda a burauza kake karatu, shi ne injin da ke cikin burauzar. A kan iPad, a yawancin ƙasashen duniya, ko Chrome ka sauke ko Firefox, injin WebKit na Safari, burauzar Apple, ne yake aiki a ƙarƙashi, riga kawai aka sauya. Ma'anar wannan ita ce idan shafin makarantarku bai jitu da Safari ba, sauya burauza da wuya ya cece ka. A kan Android kuwa Chrome yana da injinsa na Blink, Firefox yana da Gecko, saboda haka idan ɗaya ya ƙi, kana da ƙofa ta biyu. Haka kuma Chrome na Android yana sabuntuwa ta Play Store ko da kamfanin na'urar ya daina aiko da sabon tsari, har zuwa lokacin da Android ɗin zai tsufa ƙwarai, alhali Safari yana tafiya ne tare da iPadOS, ranar da iPad ta daina samun sabuntawa, ranar ce burauzarta ta tsaya. Sai dai a yi adalci, Apple tana daɗewa tana sabunta na'urorinta fiye da yawancin ƙananan kamfanonin Android, kuma tun daga iPadOS 13 a 2019 Safari yake buɗe shafuka a siffarsu ta babbar kwamfuta, wanda ya magance matsaloli da yawa na shafukan karatu.

A ra'ayina, a fagen bidiyo zalla, iPad da Galaxy Tab na jerin S kunnen doki suke yi. Inda ake shan wahala shi ne ƙananan na'urorin da ba a san furosesarsu ba.

Malama Mai Alƙalami ta rubuta:

Sannu da ƙoƙari, Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni zan tsaya ne a kan maganar taɓawa, domin kullum a kan irin wannan fuska nake gyara rubutun ɗalibai da alƙalami, kuma na yi amfani da iPad da Galaxy Tab duka na tsawon lokaci.

Malam, duk kwamfutar hannu ta kirki a yau tana da fuskar da ke jin ɗan cajin lantarkin da ke jikin mutum ne, ba nauyin dannawa ba. Tsohon nau'in, wanda sai an danna da ƙarfi ko da farce, ya kusa ɓacewa daga wannan fage. Sanin haka yana da amfani domin yana bayyana abubuwa da yawa da mutane suke ɗauka lalacewa ce. Jiƙaƙƙen yatsa ko ɗigon ruwa a kan gilashi yana rikita fuskar, safar hannu tana hana ta ji, kuma caja marar kyau tana iya sa ta riƙa taɓa kanta kamar wani ne yake dannawa. Kafin ka yanke wa na'urarka hukunci, ka cire ta daga caji, ka goge gilashin, ka cire kariyar gilashi idan mai kauri ce, sannan ka sake gwadawa.

Bambancin da ke tsakanin na'urori yana fitowa ne a jinkirin da ke tsakanin motsin yatsa da motsin abin da ke kan fuska. Ka ɗora yatsa a kan wani hoto ka ja shi da sauri daga dama zuwa hagu, ka lura da kyau: a na'ura mai kyau hoton yana manne da yatsanka kamar an liƙa shi, a marar kyau kuwa yana biyo ka a baya kamar wanda ake ja da igiya. Fuska mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa tana ɗaukar kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa kafin ta nuna sabon hoto, mai sau 120 kuwa kusan kashi 8. A lissafi abin kaɗan ne, amma hannu yana jin sa, musamman wajen gungura dogon shafi ko rubutu da alƙalami. Apple ta kawo 120 a iPad Pro tun 2017, amma iPad ta talakawa da iPad Air suna kan 60, yayin da na'urorin Android da dama masu matsakaicin matsayi suke da 90 ko 120. Duk da haka ba zan ce ka bi lamba ido rufe ba, domin na riƙe iPad mai 60 wadda ta fi wata Android mai 120 santsi, saboda furosesar ta biyun ba ta iya cika alkawarin da fuskar ta ɗauka.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, shi ne ko gilashin a manne yake da fuskar ko akwai iska a tsakani. A iPad ta talakawa akwai ɗan rata, ta yadda idan ka ɗora bakin alƙalami ka leƙa ta gefe za ka ga tawadar tana fitowa a ɗan ƙasa da inda bakin ya taɓa, kuma idan ka ƙwanƙwasa gilashin za ka ji ƙara kamar ta abu mai rami. A iPad Air da Pro, da Galaxy Tab na jerin S, an manne su wuri ɗaya, sai ka ji kamar a kan harafin kansa ka ɗora hannu. Mai kallon bidiyo kawai ba zai damu ba, amma wanda zai riƙa jan ƙananan ɗigo a kan zane, kamar yadda ka ce darussanku suna buƙata, zai ga amfaninsa.

Game da alƙalami, S Pen na Samsung yana zuwa a cikin kwalin yawancin na'urorin Galaxy Tab na jerin S, kuma ba ya buƙatar caji domin rubutu, saboda daga fuskar yake samun ƙarfinsa. Apple Pencil, wanda ya fara fitowa a 2015, daban ake sayensa, ana yi masa caji, kuma yana da nau'o'i da ba kowanne ne yake aiki da kowace iPad ba, don haka sai an bincika. Dukansu suna gane tafin hannu idan ka jingina shi a kan gilashi kana rubutu, wanda shi ne abin da alƙalami mai kan roba ba zai taɓa yi maka ba.

Ka kuma duba siffar fuskar. Yawancin bidiyo faɗinsa 16 ne tsayinsa 9. A kan fuska mai 4 da 3, wadda ita ce siffar da aka san iPad da ita, bidiyon yana cin kashi 75 cikin ɗari na fuskar ne kawai, sauran baƙin fili ne sama da ƙasa. A kan mai 16 da 10, siffar yawancin na'urorin Android, yana cin kashi 90. Amma idan ka tsayar da na'urar domin karanta littafi ko takarda, sai lamarin ya juye, iPad ta fi kama da shafin littafi, ta Android kuma ta zama doguwa siririya. Ni da karatu ya fi yawa a aikina na fi son siffar iPad. Kai sai ka auna wanne ya fi yawa a naka. Tunda kuma kuna yin aji kai tsaye, ka lura da inda kyamarar gaba take. Idan tana kan gajeren gefe, da zarar ka kwantar da na'urar sai ka fito kamar mai kallon wani wuri daban. Samsung ta daɗe tana sa ta a dogon gefe a manyan na'urorinta, Apple kuma ta fara yin haka a samfurin iPad na goma a 2022.

Magini Shafuka ya rubuta:

Na yarda da yawancin abin da Injiniya da Malama suka faɗa, amma da izininsu, ina ganin ba a taɓa ainihin abin da ya ci wa Malam gwajinsa ba, kuma ina tsoron kada ya sayi sabuwar na'ura ya tarar da matsalar tana jiransa a can.

Sana'ata gina shafukan intanet ce, kuma abin da ya bayyana, wato ya ja amsa sai shafi ya gungura, mafi yawan lokuta ba laifin fuska ba ne. Laifin shafin ne. A kan babbar kwamfuta, ja da maus daban, gungura shafi daban, ba sa haɗuwa. A kan fuskar taɓawa kuwa motsi ɗaya ne, yatsa ya sauka ya tafi, sai burauza ta yi hasashen me ake nufi. Idan wanda ya gina shafin bai gaya mata cewa wannan akwati na ja ne ba, za ta ɗauka gungurawa ake so, domin shi ne abin da mutane suka fi yi. Wani lokaci dabarar ita ce ka ɗora yatsa a kan amsar ka riƙe na kusan daƙiƙa ɗaya har ka ga ta ɗan taso, sannan ka ja. Idan wannan bai yi ba, to shafin bai san yatsa ba sam, kuma fuska mai sabuntawa sau 120 ba za ta koya masa ba.

Irin wannan ce matsalar jerin zaɓin da ba ya buɗewa sai an ɗora kibiyar maus a kansa ba tare da dannawa ba. Yatsa ba shi da wannan hali. Ko ya taɓa ko bai taɓa ba. Burauzoji suna ƙoƙarin rufa asiri ta hanyar ɗaukar taɓawar farko a matsayin ɗora kibiya, ta biyu kuma a matsayin dannawa, amma ba kullum dabarar take ci ba. Wannan yana cikin hujjojin da aka kafa a kan Flash tun 2010, kuma Flash ya tafi ya bar matsalar, domin har yau ana gina shafukan karatu a kan babbar kwamfuta, a gwada su da maus, a sake su. Haka girman maɓalli. Apple tana ba masu gini shawarar kada wurin taɓawa ya gaza awo 44 a tsaye da kwance, Google kuma 48 a nata ma'aunin, wanda ya kai kusan milimita 9, gwargwadon kan yatsa. Shafin da aka yi domin maus yana iya jera maɓallai da ba su kai rabin haka ba, sai ka nufi ɗaya ka taɓa maƙwabcinsa.

Shi ya sa nake ganin bai kamata a tsallake Surface ba. Windows ce cikakkiya a cikinta, burauzarta irin ta babbar kwamfuta ce ba tare da ragi ba, kuma duk shafin da aka gwada a kan kwamfutar ofis zai yi a kanta. Sai dai ina faɗa da gaskiya, a matsayin abin riƙewa a hannu ana taɓawa, ita ce ta baya a cikin ukun. Ta fi nauyi, kuma da yawa daga manhajojin Windows suna da ƙananan maɓallan da aka gada daga zamanin maus, ta yadda ba ta nuna ƙwarewarta sai an haɗa mata allon rubutu mai wurin shafawa. Wanda ya saye ta ya sani cewa ƙaramar kwamfutar cinya ya saya wadda take karɓar taɓawa.

Hanya mafi sauƙi, wadda nake ba kowa shawara, ita ce ƙaramin maus na Bluetooth. Android ta daɗe tana karɓarsa, iPad ma ta samu cikakken goyon bayansa tun iPadOS 13.4 a 2020. Ranar gwaji ka haɗa shi, sauran ranaku ka yi amfani da yatsa. Kuma ka rubuta wa masu kula da shafin makarantarku ka gaya musu sunan gwajin da abin da ya faru, domin gyaran a wajensu ba mai yawa ba ne, kuma tabbas ba kai kaɗai abin ya sama ba.

Mai Neman Ƙari ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na bi abin da kuka ce daki-daki a daren jiya. Na kunna bayanan YouTube kamar yadda Injiniya ya nuna, na ga vp09 a rubuce, kuma a 1080p adadin hotunan da ake zubarwa bai daina hawa ba har na tsayar da bidiyon, amma da na sauke shi zuwa 720p sai ya lafa, zafin ma ya ragu. Na kuma koma tsohon gwajin da aka bar mana domin bita, na riƙe amsar na ɗan lokaci kafin in ja, ba ta motsa ba. Da na aro maus na haɗa, nan take ta tafi gurbinta. Ashe matsala biyu ce mabambanta nake ɗauka ɗaya ce, kuma Malam Magini ya yi gaskiya, da na sayi sabuwa domin gwajin kaɗai da na yi asara.

Saura tambaya ɗaya. Akwai wasu tsofaffin darussa biyu a shafin namu da suke nuna farin fili da saƙon cewa ana buƙatar Flash. Akwai na'urar da za ta buɗe su? Sannan idan na je duba sabuwa, mene ne zan iya gwadawa cikin 'yan mintuna kafin in biya?

Injiniya Mai Gyara ya rubuta:

Madalla, Malam, ka yi binciken yadda ya kamata. Game da darussan Flash, kada ka sauke duk wata manhaja da ta ce za ta dawo maka da shi, domin wannan tsohuwar hanya ce ta shigar da cuta cikin na'ura. Abin da ake amfani da shi yanzu shi ne Ruffle, wata manhaja ta kyauta da ke kwaikwayon Flash a cikin burauzar zamani, kuma da ita Internet Archive yake nuna tsofaffin abubuwan Flash da ya adana. Ba kowane fayil take iya buɗewa ba, amma tana buɗe da yawa. Mafi dacewa shi ne masu shafin su saka ta a ɓangarensu, sai darasin ya buɗe wa kowa a kowace na'ura, don haka ka haɗa wannan cikin saƙon da za ka aika musu.

Idan ka je dubawa, ka shiga shafin makarantarku da kansa a kan na'urar, ba shafin da mai sayarwa ya zaɓa maka ba, ka tuna kuma ka fita daga asusunka idan ka gama. Ka kunna lacca ɗaya a mafi girman inganci, ka bar ta tana tafiya, ka tsallaka gaba ka dawo baya ka ga ko murya da hoto suna tare, sannan ka taɓa bayan na'urar ka ji ɗuminta. Ka buɗe zanen nan mai ɗigo ka ja shi a hankali har zuwa gefen fuska, domin a gefe ne fuska marar kyau take fara rasa yatsa. Ka raba fuskar gida biyu, bidiyo a ɗaya, wurin rubutu a ɗaya, tunda haka za ka riƙa karatu, ka ga ko bidiyon zai fara tsayawa. Idan Android ce, ka sauke DRM Info, manhajar da ke nuna matakin Widevine na na'ura, ka tabbatar an rubuta L1, ka kuma nemi sanin shekarar da kamfanin ya ce zai daina sabunta wannan samfurin. Idan iPad ce, ka fi mayar da hankali a kan ko dukkan sassan shafinku suna aiki a Safari, har da ajin kai tsaye da makirufo da kyamara, domin idan wani sashe ya ƙi a can, Chrome ɗin da za ka sauke daga baya ma zai ƙi.